A Bar Yara Su Zana Da Hannunsu

Kwanakin baya na leƙa wani aji a unguwar Limawa cikin Minna, na tarar an lulluɓe bango da manyan takardun kwali. Wata ta nuna zuciyar ɗan Adam da ɗakunanta 4, wata kuma rayuwar sauro tun daga ƙwai, zuwa tsutsa cikin kwantaccen ruwa, har ya yi fiffike. Ko guda ba a sayo ba, duk zanen yaran ne.

Mai karatu zai ce ai rashin kuɗi ne ya kawo haka. To, ko da akwai kuɗin, ni dai na fi son na yaran. Dalili kuwa, wanda ya zana sauro tilas ya tsaya ya ƙirga ƙafafunsa ya ga 6 ne, ya kuma tambayi abin da ya sa tsutsar take tasowa saman ruwa, a gaya masa iska take shaƙa. Yaron da ya gane wannan, in ya koma gida shi zai fara kifar da gwangwanayen da ruwan sama ya taru a ciki. Zanen da aka sayo daga kanti, kallon mako guda ake yi masa, daga nan ya zama ado.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar allo, da zarar almajiri ya iya riƙe alƙalami shi ke rubuta allonsa, malam ya duba ya gyara, ya biya, sa'an nan ya wanke. Iyayenmu sun san abin da hannu ya rubuta ya fi zama a ka.

Masana ilmin zamani ma nan suka dosa. Shirin SMASE, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara a 2006 tare da hukumar JICA ta Japan a jihohin Neja da Kaduna da Filato, ya horar da malaman firamare su riƙa haɗa kayan koyar da kimiyya da lissafi daga abin da ke kusa da su. Har ila yau, hukumar jarrabawa ta NECO, wadda hedkwatarta ke nan Minna, takan sa ɗalibi ya zana abin da aka ajiye gabansa ya rubuta sunayen sassansa. Wanda bai saba ba tun yana ƙarami, ranar zai raina kansa.

Amma fa akwai hatsari. In yaro ya yi wa sauro ƙafa 8, malam bai duba ba aka manna, to kuskuren zai shekara a bango yana koyar da aji guda. Saboda haka wajibi ne a fara da fensir, malam ya gwada da littafi, kana a bi da tawada. A rubuta sunaye da Turanci da Hausa, a sa sunan masu zanen a ƙasa, a kuma sauya kowane zangon karatu don na baya su ma su yi nasu.

Kira gare ku iyaye: kwali da fensir ba su kai kuɗin ankon biki ba. Ku kuma shugabannin makarantu, kada ku kulle zanen yara a ofis sai ranar da sufeto zai zo. Allah Ya sa mu gane.