Lanƙwasar Baƙaƙen Hausa da Amanar Alƙaluman Bincike

Manhajojin ƙididdiga na kyauta irin su R da PSPP da jamovi da JASP sun sauƙaƙa wa ɗaliban da ba su da kuɗin lasisin SPSS aikin nazarin alƙaluma. Sai dai akwai wata ɓaraka da ke tasowa a duk lokacin da aka fitar da fayil daga wata manhaja zuwa wata, kuma mai nazarin Hausa ya fi kowa cutuwa da ita. Ra'ayina shi ne, lalacewar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikin fayil lalacewar hujjar bincike ce, don haka sassanmu da mujallunmu ne ya kamata su shimfiɗa mata ƙa'ida.

Tushen matsalar a bayyane yake. Tsohon tsarin Windows-1252 bai tanadi baƙaƙe masu lanƙwasa ba, tsarin UTF-8 kuwa yana adana kowannensu da bayit 2. Idan aka fitar da fayil ɗin CSV da UTF-8, sannan Excel ya karanta shi da tsohon tsari, sai kalmar "ƙasa" ta rikiɗe ta koma "Æ™asa". Wannan ma da sauƙi, tunda ido na gani. Abin tsoro shi ne lokacin da aka adana fayil da tsohon tsarin, alamar tambaya ta maye gurbin harafin, domin babu dabarar da za ta dawo da shi.

Nan ne wasu ke yanke hukuncin cire lanƙwasa baki ɗaya don a huta. Wannan gudun gara ne, faɗa wa zago. Kwamfuta ba ta san ma'ana ba, haruffa take ƙirgawa. Da zarar an goge lanƙwasa, "kafa" da "ƙafa" sun zama kalma guda, haka "baki" da "baƙi". Jadawali zai fito tsaf, amma adadin da ke ciki ba gaskiya ba ne.

Akwai kuma gadon da tsofaffin haruffan bugu irin su Rabi'at da Abdalla suka bar mana, inda alamar } ke wakiltar ƙ, alamar ] ke wakiltar ɗ. A fuskar allo Hausa ce, a cikin fayil kuwa baka ce. Haka nan mai haɗa bayanai daga Nijeriya da Nijar zai tarar da 'y a nan, ƴ a can. Kwamfutocin da aka saita da Faransanci kuma da waƙafi suke rubuta ɗigon adadi, su raba ginshiƙai da waƙafi mai ruwa, shi ya sa R ta tanadi read.csv2.

Maganin ba mai tsada ba ne. Tun fitowar R 4.2.0 a watan Afrilun 2022, manhajar tana aiki da UTF-8 kai-tsaye a sababbin nau'o'in Windows. Umarnin write_excel_csv na kunshin readr yana sanya wa fayil alamar da Excel ke gane UTF-8 da ita. Kunshin haven yana karanta fayilolin SPSS tare da sunayen rukunan amsoshi, waɗanda CSV ke zubarwa. Kafin nazari, a mayar da rubutun tsofaffin haruffa zuwa Unicode, a kuma ƙirga baƙaƙe masu lanƙwasa kafin fitar da fayil da bayan shigar da shi. In adadin ya saɓa, a dakata.

Wani zai ce wannan aikin masana kwamfuta ne. Amma masanin kwamfuta da bai ji Hausa ba ba zai gane cewa "daka" ta haɗiye "ɗaka" ba. Saboda haka ina kira ga sassan Hausa su shigar da wannan darasi cikin kwas ɗin dabarun bincike, editocin mujallu kuma su wajabta wa duk mai muƙalar da ta dogara da ƙididdigar kalmomi ya miƙa ainihin fayil ɗinsa a tsarin UTF-8, domin mai tantancewa ya iya maimaita lissafin da kansa.