Shinge Kafin Shari'a



Latas da kabeji da lawashin da muke gani a Kasuwar Makola da sassafe, da yawansu ba daga nesa suke zuwa ba. 'Yan'uwanmu ne ke noma su a 'yan lambunan cikin Akra, irin na Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Filin ba nasu ba ne, saboda haka ba halin gina katanga. Da zarar Babbar Sallah ta gabato, tumaki da awaki suka cika lungunan Nima da Maamobi da kewaye, sai ƙara ta yawaita a zaurukan limamai: akuyar wane ta cinye fangalin wane, wahalar mako shida ta tafi a yini ɗaya.

Wannan shari'a tsohuwa ce. A Suratul Anbiya, aya ta 78 da ta 79, an ba mu labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, da hukuncinsu kan gonar da tumaki suka shiga da dare. A Muwaɗɗa kuma, kan taguwar Barra'u ɗan Azib, Manzon Allah (SAW) ya ɗora tsaron gona da rana a kan mai ita, ɓarnar dare kuwa a kan mai dabba. Haka muka karanta a Risala. Ke nan mai lambu ma yana da nasa nauyin, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kakanninmu a ƙasar Hausa sun san kowace dabba da irin shingenta: darnin kara, ƙaya, ko shingen aguwa da bini-da-zugu, waɗanda dabbobi ke ƙyama. Barewa tsallake take yi, zomo da gyazbi kuwa ta ƙasa suke bi. Akuya ta haɗa duka. Don haka wanda zai kafa wayar raga ya ba ta tsayi kamar mita 1.5, ya binne gindinta taƙi guda ko fiye, ya kuma kula da ƙyaure, domin nan ne ake yawan sakaci. Wanda ya dasa bini-da-zugu ya gargaɗi yara, 'ya'yansa guba ne. In kuɗin waya ya fi ƙarfin mutum ɗaya, maƙwabtan lambu su yi karo-karo su kewaye filin gaba ɗaya.

Mu kuma masu kiwon ragon layya, mu ɗaure shi da dare. Bai kamata mu kusanci Allah da dabbar da ta yi ƙiba da gumin maƙwabci ba. In ta yi ɓarna, mu je mu biya tun kafin a kira mu.

Allah Ya sa albarka a nomanmu da kiwonmu, Ya kiyaye mana zumunci. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.