Shin Jan Haske Na Gyara Fankiriyas? Abin Da Mai Ciwon Suga Ya Kamata Ya Sani

Idan kana fama da ciwon suga, ko kana jinyar mai shi, wataƙila ka ga bidiyon da ake yaɗawa a WhatsApp na fitila mai jan haske da ake cewa tana farfaɗo da fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da sinadarin insulin. Tsadar magani tun faɗuwar darajar naira a 2023 ta sa irin wannan albishir na saurin shiga zuciya, musamman a Illela, inda kaya ke shigowa daga Birnin Konni da Sakkwato.

Magani da haske ba ƙarya ba ne. Da shuɗin haske ake jinyar shawarar jarirai a asibitocinmu. Jan haske kuwa, tun 1967 likita Endre Mester na ƙasar Hungary ya lura yana hanzarta tsirowar gashi a jikin ɓeraye. Masana na ganin yana ƙara wa ƙwayoyin halitta kuzari.

To ina batun suga? Gwaje-gwajen gyaran fankiriyas yawancinsu a kan ɓeraye aka yi su, ko a ɗakin bincike. A 2024, Michael Powner da Glen Jeffery a Landan sun haska bayan wasu mutane na minti 15 kafin su sha ruwan sukari, sai hauhawar sugan jininsu ta ragu da kusan kashi 28 cikin 100. Amma mutum 30 kacal suka shiga gwajin, dukansu lafiyayyu, kuma ba fankiriyas aka auna ba. Ga shi gaɓar tana can cikin ciki, haske kuwa ba ya ratsa jiki da nisa.

Haɗarin shi ne ka ajiye maganinka. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya da ya bar allurar insulin zai iya faɗawa doguwar suma cikin 'yan kwanaki, har ya rasa ransa. Mai nau'i na biyu da ya bar metformin, ciwon zai ci gaba da cin ƙoda, ido da jijiyoyi a ɓoye. Idan kuma ƙafarka ta mutu ba ka jin zafi, fitila mai ɗumi za ta iya ƙona ka ba ka sani ba, ƙunar ta zama gyambo.

Don haka, kuɗin da za ka zuba a fitila, sayi maganinka mai lambar NAFDAC da na'urar awon suga. Ci gaba da zuwa Babban Asibitin Illela, idan an tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kada ka yi jinkiri. Duk wanda ya ce ka daina allura, tambayi likitanka tukuna. Allah Ya ƙara lafiya.