Suka Daban, Kushe Daban

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja bai sake komawa yadda yake a da ba. Ambaliyar da takan shayar da fadamun shinkafa ta ragu, ruwa kuma ya dinga gudana rani da damina, har ciyawar kacala ta sami sarari ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru. Mutane iri biyu ne suke magana a kan wannan al'amari, amma sau da yawa a ofisoshi akan yi musu kuɗin goro, a ce duk 'yan hana ruwa gudu ne. Wannan kuwa kuskure ne babba.

Na farko shi ne mai suka. Shi ne manomin Guri ko masuncin Kirikasamma da zai ce mashiga kaza ta toshe, ruwa ya karkata ya bi Marma ya cinye gonaki, alhali wasu garuruwa suna fama da ƙishi. Irinsa ne masanan da suka yi aiki da shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka kafa a 1987. Sun zauna sun lissafa amfanin da ake samu daga shinkafa da kifi da itacen girki, suka nuna cewa ruwan da aka bar wa fadama ya fi wanda aka tare don noman rani a Kadawa riba. Wannan lissafi yana cikin hujjojin da masu adawa da madatsar Kafin Zaki suka riƙe. Maganar mai suka takan yi ɗaci, to amma fa ana iya zuwa a duba, in ya yi kuskure a ƙaryata shi. Ya sa wuyansa ke nan, don yana fatan gyara.

Mai kushe ba ya ɗaukar wannan kasada. Nasa dai a ce duk kanwar ja ce, kuɗin ma an riga an cinye tun kafin su bar Dutse. Ba ya ambaton mashiga ko wata, balle a kama shi da ƙarya. In an kira gayyar yankan kacala, yana gindin bishiya yana dariya. Abin takaici, ma'aikaci malalaci ya fi son irin wannan mutum, domin wanda ya ce kowa ɓarawo ne bai nuna kowa da yatsa ba, bai kuma nemi a buɗe fayil ko ɗaya ba.

'Yan makaranta musamman sukan ɗauki kushe a matsayin wayewar kai, saboda ya fi karatun rahoto sauƙi. Ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuwa, idan mai ƙorafi ya zo, ya kamata su tambaye shi wace mashiga yake nufi, kuma tun yaushe ta toshe. In ya amsa, to hakki ne a tura injiniya ya je ya gani kafin ruwan Agusta ya iso.