Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Kifin Salmon da Tashar Hinkley Point C

A gaɓar tekun Somerset ta ƙasar Ingila, kusa da inda kogin Severn yake zuba ruwansa, kamfanin EDF na ƙasar Faransa ya kama ginin tashar wutar lantarki ta nukiliya mai suna Hinkley Point C bayan amincewar gwamnatin Birtaniya a 2016. An tsara za ta wadatar da gidaje kimanin miliyan 6. Sai dai irin wannan tasha ba ta aiki sai da ruwan sanyaya injuna, wanda za ta riƙa zuƙowa ta manyan ramuka masu nisan fiye da kilomita 3 a ƙarƙashin teku. Duk abin da ke cikin ruwan kuwa yana iya biyo shi.

Ta wannan mashigi ne kifin salmon yake ratsawa. A kogunan Severn da Wye da Usk ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo mahaifarsa ya yi ƙwai. A 2023 ƙungiyar IUCN ta sanya salmon ɗin Birtaniya cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ashe ke nan kowane ɗaya da ya salwanta hasara ce.

Izinin da aka bayar a 2013 ya gindaya sharuɗɗa uku: bakin rami mai jan ruwa a hankali, hanyar mayar da kifin da ya shiga zuwa teku, da na'urar ƙara mai korar kifi. A 2019 kamfanin ya nemi a janye na ukun, yana mai cewa igiyar ruwan wurin da duhunsa haɗari ne ga masu nutson da za su riƙa gyara na'urar. Aka yi zaman bincike a 2021, gwamnati ta ƙi amincewa a 2022. Daga nan aka kawo shawarar mayar da gonaki fadamar gishiri a madadin na'urar, manoma suka ƙi. A 2025 kamfanin ya juya ga sabuwar na'ura wadda ba ta buƙatar masu nutso.

A ganina, tushen wannan ja-in-ja shi ne rarrabuwar kawunan hukumomi. Hukumar muhalli ta Ingila tana da nata izinin, hukumar kula da teku tana da nata, mai sa ido kan nukiliya tana da nata, ga kuma hukumar albarkatun ƙasa ta Wales, tunda Usk da wani ɓangare na Wye a can suke. Shi kuwa kifi bai san iyakar ofis ba.

Wasu na cewa kuɗin ya yi yawa a kan 'yan kifaye, alhali ƙasa na buƙatar wuta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma jinkiri da shari'a su ma kuɗi suke ci. Bugu da ƙari, salmon ba shi da kaifin ji kamar wasu kifayen, don haka ƙara kaɗai ba za ta cece shi ba. Sai an haɗa da gyaran kogunan da yake haihuwa. Wannan aiki ya fi ƙarfin hukuma ɗaya.

Abin da ya kamata shi ne hukumomin su zauna teburi guda tun kafin a aza tubali, su yarda da ma'auni ɗaya na ƙidayar kifin da zai halaka, su fitar da sharaɗi ɗaya wanda injiniyoyi suka tabbatar zai yiwu, sannan a bayyana wa jama'a sakamakon kowace shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wutar lantarki ana iya samo ta ta hanyoyi da dama, amma jinsin da ya ƙare ba ya dawowa.