Kun yi wa Hajiya dariya a kan mussarta, to ku zo mu yi maganar



Ranar Laraba da dare, a shirinmu na kiran waya, wata Hajiya mai sayar da hatsi ta shigo layi. Ba za mu faɗi sunanta ba, dariyar da ta sha ta ishe ta. Cewa ta yi: "Ɗana, mussata ce ba lahiya. Shekara tara tana tsare mini sito. Yanzu ruwa take sha ba ji ba gani, fitsari ko'ina, tana ci amma sai ramewa take. Jikana ya ce wai suga ne. Ashe dabba na yin suga?" Kafin ta ajiye waya, saƙonni sun cika mana tebur. Wani ya ce mu daina ɓata lokacin mutane. Wani ya ce a yi wa mussar biza ta tafi Faransa. Na ukun shi ne ya tsorata mu, ya ce Hajiya ta daka rabin farasetamol cikin madara ta ba ta, gobe ta miƙe.

Mu ma mun yi murmushi a daren, ba za mu yi ƙarya ba. Amma washegari mun je mun zauna da wani likitan dabbobi, kuma abin da muka ji ya sa kunya ta kama mu.

Amsar ita ce e, kyanwa tana yin ciwon suga, kuma irin na manyan mutane ne, wanda ƙiba da zaman wuri ɗaya ke jawowa. Ya fi kama wadda ta manyanta, ya fi kama muzuru. Alamun da Hajiya ta lissafa su ne dai: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ci ba ƙoshi, ramewa. In abin ya daɗe, sai ka ga tana tafiya da dunduniyar ƙafafun baya a ƙasa kamar mai jan gindi. Sai dai ciwon ƙoda ma yana zuwa da ƙishirwa da ramewa haka, shi ya sa jikan Hajiya bai isa ya yanke hukunci ba, mu ma ba mu isa ba. Awo ne kawai ke rabewa.

Kai kuma mai farasetamol, da kai muke. Da Hajiya ta bi maganarka, da yanzu an binne mussar. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya guda na iya kashe ta, jinin ya lalace, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Kuma ba mu manta ba, wannan bakin da ya rubuta wa kyanwa magani ta waya shi ne ke rubuta wa maƙwabci. Mutum ya ce yana jin jiri, a ce masa ga ƙwayar suga ta Alhaji, sha biyu. Ba awo, ba takardar likita, daga tiren mai yawo da magani a rana zuwa ciki. Dariyar ba ta dame mu kamar wannan ba.

To wa ya sa wa mussar ciwo? Mu duba kwanonta. Kyanwa maciyar nama ce, Allah bai yi ta don hatsi ba. Ɓera, tsuntsu, ƙadangare, fara, abincinta ke nan tun asali. Mu kuwa me muke zuba mata? Sauran tuwo, shinkafar jiya, burodi cikin shayi, hura, wani lokaci har madarar gwangwani mai suga don nuna ƙauna. Muna ganin ta yi ƙiba muna cewa ta ji daɗin gida. Ga miya kuma a kai, cike da albasa da tafarnuwa, su kuwa biyun nan suna farfasa jinin kyanwa, ko ɗanye ko dafaffe. Albasar Galmi abin alfaharinmu ce a kasuwannin Afirka ta Yamma, amma ba ta kwanon mussa ba ce.

Gyaran abinci shi ne rabin magani, kuma shi ne ɓangaren da bai fi ƙarfin talaka ba. A rage hatsi, a ƙara nama: guntayen da mahauci ke warewa, kaza, kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, ba gishiri ba yaji. Hanta kaɗan, ba kullum ba. Masu hali a Yamai da ke sayen abincin kyanwa a manyan kantuna su sani na gwangwani mai laima yawanci ya fi busasshen na leda ƙarancin sitaci. Ruwa kuma kada a hana ta don ana gajiya da goge fitsari, hana ruwan na iya kai ta kushewa. Kada kuma a ce za a rame da ita da yunwa. Kyanwa mai ƙiba in ta yi ƴan kwanaki ba ci, kitse ke taruwa a hantarta, wata sabuwar cuta ke nan.

Maganar awo ita ce ta fi ba mu mamaki. Ƴar na'urar nan da masu suga ke soka yatsa da ita, irinta ake amfani da ita, sai dai a gefen kunne ake samun ɗigon jinin, bayan an ɗan murza kunnen ya yi ɗumi. Lafiyayyar kyanwa da ke kwance hankali sukarinta na kai-komo wajen giram 0,8 zuwa 1,2 a lita, kusan kamar na mutum. Amma fa tana da wani hali: tsoro kaɗai na iya ɗaga mata shi ya haura giram 2. Ka ɗaure ta a buhu, ka ɗora a babur, ka ratsa kasuwa da ita, me kake jira na'ura ta nuna? Don haka awo ɗaya a wurin likita ba ya wadatarwa. Ana duba fitsari, ana maimaita awo a gida, a rubuta rana da awa da abin da ta ci a ɗan kaye na ƴan makaranta. Na'urar mutane takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kyanwa, likita ya san yadda zai karanta.

In an tabbatar, mafi yawansu sai da allurar insulin, sau 2 a rana, awa 12 tsakani. Nan ne wahalar take, ba za mu ɓoye muku ba. Insulin na son sanyin firigo, tsakanin digiri 2 da 8, mu kuwa a watan Afrilu zafi na haura 40, ga ɗauke wuta. In wuta ta tafi, a nannaɗe kwalbar a leda a ajiye ta jikin randa mai sanyi a inuwa, kada a sa ta kan ƙanƙara ta daskare. Akwai insulin mai ƙarfin 40, akwai mai ƙarfin 100, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya ja mai 100 da sirinjin mai 40 ya ba da ninki biyu da rabi bai sani ba. Sukari ya faɗi ƙasa da 0,6, kyanwa ta fara tangaɗi, ta yi rawar jiki, ta sume. In haka ta faru, a shafa mata zuma a dasashi a ruga wurin likita. Kuma wanda ya riga ya fara allura kada ya canza abinci gaba ɗaya shi kaɗai, domin in sitaci ya ragu, buƙatar insulin ma raguwa take. Abin daɗin ji shi ne, wasu kyanwoyin in an kama ciwon da wuri, aka haɗa allura da abinci, sukan kai lokacin da za a daina yi musu allurar.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi cikin saƙonninku. Wani malamin makaranta ya rubuto cewa mahaifiyarsa na tsallake allura don kuɗi ba sa kai wa ƙarshen wata, mu kuma muna zancen mussa. Malam, gaskiyarka, kuma Allah ya ba Inna lafiya. In kwalba ɗaya ce a gida, ta Inna ce, babu mai jayayya. Amma dariyar da aka yi wa Hajiya ba ta ƙara wa Inna ko ɗigo ɗaya ba. Kuma maganin da ke riƙe da ita ta hanyar dabba ya zo. A 1889 a Strasbourg, Minkowski da von Mering suka cire wa kare wata tsoka da ke bayan tumbi, pankereyas, sai ya kamu da suga. A 1921 a Toronto ta ƙasar Kanada, Banting da Best da karnuka suka yi gwajin da ya fito da insulin, a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro. Shekaru da dama bayan nan, daga jikin dabbobin mayanka ake tace shi. Ranar 14 ga Nuwamba da muke yin shiri na musamman kan suga duk shekara, ranar haihuwar Banting ce.

Ga kuma abin da kowa ya sani tun makarantar allo game da matar da ta kulle kyanwa ta hana ta ci. Mussar Hajiya shekara tara tana gadin buhunan gero, ba albashi ba hutu. Ku lissafa tiya nawa ɓeraye za su ci a shekara tara.

Mun sake kiran Hajiya jiya. Ta daina zuba hura, ta yi magana da mahaucin layinsu, jikan zai kai mussar awo ranar Litinin cikin kwando, ba cikin buhu ba. Da muka tambaye ta yaushe rabonta ita da a auna ta, sai ta yi shiru, can ta ce ba a taɓa ba. Shekarunta sun haura sittin. Jikan ya ce zai kai su su biyu.