Mesar da ta rame, ba a cika mata ciki rana ɗaya

Jama'a, ƙaramar mesan nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, daga Togo, Benin da Ghana ake kwasarta zuwa Turai da Amurka, su aje ta a gida kamar kyanwa. Ni dai a ganina, dabbar da kan kai shekara 30, bai kamata a sayar wa wanda bai san halinta ba. Takan yi watanni ba ta ci ba, ba ta kuka, sai mai ita ya ce lafiya lau take, har ƙashin bayanta ya fito fili.

Wanda ya karɓe ta kuma, tausayi sai ya sa ya jefa mata ƙaton ɓera. To nan ne ɓarnar! Cikin da ya daɗe ba abinci bai iya narkarwa, ta amayo, wata sa'a ta mutu. Da farko ɗumi take so, wajen digiri 31, da ruwa, da wurin ɓuya. Likitan dabbobi ya duba ko da tsutsar ciki. Bayan kwanaki a ba ta ɗan ƙaramin ɓera, a ƙyale ta mako guda kafin na gaba.